Maɓallin Salla

Kai, mai jar riga, ajiye wayar nan. Tun ɗazu nake jin ka kana gaya wa na kusa da kai wai aika saƙo daga na'ura zuwa na'ura layi uku ne, ka kwafo, ka manna, ka danna, shi ke nan. Ban musa ba, layi ukun ne. Ni ma layi bakwai na rubuta wata rana a Dapaong, kafin shayina ya huce na gama, kuma layukan nan bakwai su suka raba wata mata da aikinta da mutuncinta a gari. Da bakina aka raba ta da su. Don haka ku gyara zama, yau ba wanda zai taɓa na'ura sai na gama.

A nan unguwar Didaouré, cikin Sokodé, aka haife ni. Babanmu mai masauki ne, kamar babansa. Fatake daga arewa suna sauka gidanmu, a ba su ɗaki, su ajiye kaya, su yi kwanakinsu su wuce. Ni aka sa a boko, na fito da ɗan Faransanci da son buɗe cikin kowane abu mai waya. Na riga na yi gemu lokacin da na shiga hannun Patoro Alasan, wato Maigida Alasan, wanda yake da shago a bayan babbar kasuwa. Shekara biyu bai bar ni na rubuta ko layi ɗaya ba. Sharar cikin firinta, ɗaukar na'ura a bayan babur, naɗe waya, su ne aikina. Kayan aikinmu kuwa, kada ku yi dariya: na'ura ɗaya mai nishi kamar tsohuwa, akwatin faifai da rabi sun lalace, littafin Faransanci da aka yage masa shafi talatin na tsakiya, da wani modem da idan zai kama layi sai ya yi ta ƙara har mai sayar da koko a ƙofa ta leƙo ta ce lafiya? Ba wanda za ka tambaya. Idan abu ya ƙi, kai da shi ne har ɗayanku ya gaji.

Aikin farko da ya ba ni na kaina shi ne bibliyotek. Ga waɗanda suka zo jiya: bibliyotek ba shiri ne mai tashi da kansa ba. Guntun aiki ne da ake ajiyewa gefe, kowane shiri da yake buƙata ya jawo shi cikinsa ya yi amfani da shi. Nawa aikinsa ɗaya ne, ya buɗe soket, wato ƙofar da saƙo ke shiga da fita ta waya, ya aika, ya karɓa. Aikawa ba ta da wuya, kai ke zaɓar lokaci. Karɓa ce matsalar, don ba ka san yaushe saƙo zai zo ba, kuma ba za ka tsayar da shirin mutane cak kana jira ba. Dabarar da muke da ita a lokacin ita ce ka ƙirƙiri wata taga ɓoyayya, wadda ba a ganinta a allo, ka ce wa sistem: idan wani abu ya iso soket ɗina, sanar da wannan tagar. Sistem ya ce to. Amma sanarwar ba ta zuwa hannunka kai tsaye. Layi take shiga, layi ɗaya da bugun haruffa da motsin linzami da komai, kuma shirin da ya ɗauke ka shi ke zagayawa yana ɗauko su ɗaya bayan ɗaya yana miƙa wa masu su. Wannan zagayen shi muke kira bukul.

Na yi kwana uku ban gane ba. Patoro ya cire tabarau ya ce, "Muktari, gidanku akwai baƙi?"

Na ce, "Kullum, Patoro."

"Idan wani ya zo neman baƙo ya tsaya a ƙofa ya ce gafara, wa ke ji?"

"Wanda ke zaure."

"Baƙon yana can ɗakin baya?"

"Yana can."

"To bibliyotek ɗinka baƙo ne. Ba shi da zaure, ba shi da kunne a ƙofa. Da kunnen mai gida yake ji." Sai ya bugi tebur har faifai suka zube. "Kuma wannan mai kiran ba irin mutanenmu ba ne da za su yi gafara sau uku. Sau ɗaya yake yi. Sai ka fito ka karɓi abin da ya kawo kafin ya sake buɗe baki. Idan ba ka fito ba, ko saƙo ɗari ne suka taru a bayansa, shiru zai yi. Ka gane?"

Na ce na gane. Wallahi ban gane ba, haddacewa na yi.

Bibliyotek ɗin ya yi aiki, har ya ba ni suna. Mun sa shi a shirin wani kantin magani, mun sa shi a ofishin wasu masu takardun manyan motoci a Cinkassé. Wannan na Cinkassé ba na mantawa. Mutumin ya rufe na'urar da bargo mai kauri don kada ta yi datti, ta yi zafi ta mutu, ya taso ni tun daga Sokodé wai shirina ne ya kashe ta. Na kwashe yini a mota, na ɗaga bargo, na dawo. Irin masu ba mu aiki ke nan: duk abin da ya lalace laifinka ne. Shi ya sa muka koyi wani mugun hali, mu ma. Duk wanda ya ce shirinka bai yi ba, kafin ya rufe baki ka riga ka yanke cewa shi ne bai iya ba. Sau tara cikin goma gaskiyarka ce, kuma wannan ne ke kashe ka a na goman.

Da idon Patoro ya raunana sai ya koma garinsu Pagala, can kudu, ya kama noman doya. Ya bar mini shago da duk shirye-shiryen da ya rubuta. Cikinsu har da na wani likita, Dokta kawai muke ce masa, mai kilinik biyu, babba a nan Sokodé, ƙarami can arewa a Dapaong. Shirin kilinik ɗin na Patoro ne, bibliyotek ɗin da ke cikinsa nawa ne. Daga ranar gidan da baƙon duka suka dawo hannuna.

Ga yadda suke aiki. A Dapaong babu likita kullum. Ma'aikaciyar jinya ce ke riƙe da wurin, ta duba mara lafiya, ta ɗauki jini ta auna, ta aiko sakamako ta na'ura. Dokta ya karanta a Sokodé ya mayar da umarni. Idan umarninsa ya tafi, wata 'yar alama a gefen allonsa sai ta yi kore. Ni na sa alamar, ina alfahari da ita.

Ma'aikaciyar ita ce Madam Yendube. 'Yar ƙabilar Moba ce, Kirista, doguwa, ba ta da yawan fara'a. Hausarta ta kasuwa ce, komai a wurinta namiji ne, mace ma "shi" take ce mata. Ranar farko da na je ta hana ni taɓa na'ura sai na wanke hannu, ta tsaya a kaina tana kallo har na cuɗa tsakanin yatsu. Mahautan Dapaong da matansu duk wurinta suke zuwa, don ba ta raina mutum kuma allurarta ba ta kumbura. Na'urar kuwa a teburin karɓar baƙi take, wurin Isifu, wani bawan Allah mai sanyin hali da ba ya wasa da jam'i.

Wata rana na je canza musu waya, Isifu ya zuba mini shayi ya ce, "Malam Muktari, ina da damuwa. Idan na tafi masallaci, masu jira sai su yi ta danne-danne. Jiya wata ta goge mini rabin suna. In kashe na'urar, tashinta sai ta ci minti goma. Ba wata dabara?"

Na ce, "Wannan ne damuwar? Miƙo kujera."

Na buɗe shirin Patoro na ƙara maɓalli ɗaya. Idan an danna, allo ya yi shuɗi, ya rubuta "An tafi salla", kuma ba abin da zai motsa sai an buga kalmar sirri. Yadda na yi shi kuwa: na kafa wani ɗan ƙaramin bukul nawa wanda zai karɓe layin gaba ɗaya. Duk abin da ya fito daga layin ya duba. Harafin kalmar sirri ne? Ya riƙe. Ba shi ba ne? Ya jefar. Layi bakwai. Isifu ya yi ta sa mini albarka, ya ce duk sallar da ya yi hankali kwance ina da rabo a ciki. Na hau mota ina jin daɗi, na ɗauka na yi aikin lada.

Ku da kuka saurari abin da Patoro ya ce, kun riga kun gani. Na ga wannan mai gyale ta dafe baki. Ke kin fi ni, don ni sai da na yi kusan shekara biyu.

Abin da ya rufe mini ido shi ne wutar lantarki. A lokacin wuta ba ta yini. Na'ura ta mutu, ta tashi, ta sake mutuwa, don haka ba wanda ya yarda da ita da zuciya ɗaya. Dokta ya aika umarni, ya bi shi da kiran waya. Sau biyu Madam Yendube ta tare ni ta ce, "Muktari, wani lokaci Dokta ya ce ya aika, ni ban gani ba." Na ce, "Rezo ne, Madam." Rezo, wato layin sadarwa, ya sha zagi a bakina fiye da kowa a ƙasar nan. Ta dube ni ta ce, "Rezo," ta koma aikinta.

Sai Dokta ya sayi janareto da batirin tsare wuta, ya sa a kilinik biyun. Na'ura ta daina mutuwa. Wata uku komai lafiya, kowa ya saki jiki. Dokta ya daina bin saƙo da waya, ya ce ai ga alamar Muktari. Wannan ita ce shekarar da nake kira mummuna.

Aka kawo wani dattijon mahauci, Baba Seidu, yana zazzaɓi da ciwo a ƙafa. Madam ta kwantar da shi, aka fara masa wata allura safe da yamma bisa umarnin Dokta. Rana ta uku ta auna jini ta aika kafin azahar. Dokta ya duba ya ga ƙodar mutumin tana gazawa, allurar kuma ƙara mata nauyi take yi. Ya rubuta: a tsayar da allura, a kai shi babban asibiti yanzu. Alama ta yi kore. Ya shiga ɗakin fiɗa. Da ya fito da yamma ya sake rubutawa: kun tura shi? Alama ta sake yin kore. Ba amsa, ya ɗauka suna hanya. Madam kuwa tana jiran umarni, ba ta ga sabo ba, ta bi tsohon. Ta yi allurar yamma, ta yi ta safe. Sai da hantsi Dokta ya kira. Aka kai Baba Seidu babban asibiti, bayan kwana biyu ya rasu.

Dokta ya ɗauke ni a motarsa zuwa Dapaong. Ya tara ma'aikata a ɗakin jira, ga babban ɗan mamacin da mahauta biyu a kan benci. Madam na tsaye da farar rigarta.

Dokta ya ce, "Muktari, idan alama ta yi kore, me ake nufi?"

Na ce, "Saƙo ya shiga na'urar Dapaong."

"Akwai yadda zai shiga a rasa ganinsa?"

"Babu."

"Ka tabbata?"

"Wallahi babu, Dokta. Na'ura ba ta ƙarya."

Ba wanda ya ce in rantse. Ni na ƙara da kaina, don in ji daɗin bakina.

Madam ta ce, "Na duba shi bayan azahar. Na duba shi kafin allura. Na duba shi kafin na tashi. Allo bai kawo komai ba. Na'urarka ya yi ƙarya, Muktari."

Na yi wani ɗan murmushi. Wannan murmushin, in da ana sayen abu a mayar, shi zan fara mayarwa. Ta dube ni, ta dubi Dokta, ta cire rigar ta ninke ta tsaf ta ɗora a kan tebur kusa da na'urar, ta fita. Kafin sati ya zagayo magana ta cika kasuwa, kuma ta canza kama. Aka daina cewa sakaci, aka koma cewa ai da gangan ne, da ɗan cocinsu ne da ba ta manta ba. Matar da ta karɓi haihuwar rabin 'ya'yan mahautan nan! Babu kilinik ɗin da ya sake ɗaukarta. Na ji an ce tana sayar da sabulu a ƙofar gida. Na ce Allah ya kyauta, na ci gaba da harkata.

Bayan wata bakwai aka kira ni in haɗa musu sabuwar firinta. Ina so in ga ko za ta buga saƙo mai shigowa, sai na kira sakatariyar Dokta a Sokodé na ce nan da minti goma ta aiko mini ko da kalma ɗaya. Ina ajiye waya aka kira azahar. Isifu ya miƙa hannu ya danna maɓallinsa, allo ya yi shuɗi, muka tafi masallaci tare.

Muka dawo, ya buɗe. Babu komai. Na kira ta na ce, "Haba, kin manta da ni?"

Ta ce, "Na aika tun ɗazu. Ga shi ta yi kore."

"Sake aikawa."

"Na sake. Ta yi kore."

Ina kallon allo, allo na kallona. Na aika mata daga nan, ya isa lafiya. Fita tana yi, shigowa ce babu. Na kashe na'urar na kunna, na ce ta aiko, ya shigo nan take, amma biyun farko sun ɓace kamar ba a taɓa rubuta su ba. Sai na danna maɓallin da hannuna, na ce ta aiko, na buɗe. Babu. Na sake, babu. Sau uku na yi, ina fata in ga na yi kuskure.

Na buɗe layukan nan bakwai. A gefen na huɗu, wurin da ake jefar da abin da ba harafi ba, ga 'yar bayanin da na rubuta wa kaina ranar shayin: "sauran duk shara". Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Cikin sharar har da kiran da ake yi wa tagata. Sanarwar Dokta ta zo lokacin salla, bukul ɗina ya ɗauke ta ya jefar. Mai kira ya yi gafararsa ɗaya ya yi shiru, saƙon yamma ya zo ya tsaya a bayan na farko, da aka kashe na'ura da za a tashi duka suka tafi. Alamar kuwa ba ta taɓa nufin mutum ya gani ba. Abin da take nufi kawai, kaya sun iso bakin ƙofa. Ni ne baƙon, kuma ni na toshe kunnen mai gida da hannuna.

Isifu ya ce, "Malam, lafiya? Fuskarka ta canza."

Na ce, "Ranar Baba Seidu, ka danna wannan?"

"Kullum ina dannawa. Ai kai ka..." Bai ƙarasa ba. Ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa, ya ɗora hannu biyu a ka. "Sallata ce ta kashe shi?"

Na ce, "Kul! Kada ka sake faɗin haka. Kai salla ka je. Ni na rubuta." La'asar ta ranar na yi ta, amma ko a sa mini wuƙa ban san raka'a nawa na yi ba.

Yanzu ga gyaran, ku rubuta shi. Bibliyotek ba ya dogara da bukul ɗin shirin da ya ɗauke shi, ko shirin na ubanka ne. Ya buɗe zarensa na kansa, wato hanyar aiki ta biyu da ke gudana gefe. A cikin wannan zaren ya ƙirƙiri tagarsa, a cikinsa ya juya bukul ɗinsa, don taga tana bin zaren da ya haife ta. Abin da ya karɓa ya ajiye a ma'aji, sannan ya gaya wa mai gida, ya kuma ci gaba da gaya masa har ya ɗauka. Idan za a rufe shiri, a sallami zaren a jira ya fita kafin a sauke bibliyotek, in ba haka ba zai faɗo ya ja kowa. Alama kuma na raba ta biyu. Idan saƙo ya iso na'ura, ruwan ɗorawa. Ba za ta yi kore ba sai mutum mai rai ya danna "na gani". Minti biyar ba a danna ba, ƙararrawa ta tashi a wurin mai aikawa. Kwana huɗu na yi ina wannan, na gwada shi da maɓallin salla a danne har sau hamsin.

Zan gaya muku abin da ba na son faɗa. Da na gama, na lura ba wanda ya sani sai ni da Isifu, kuma Isifu ba zai buɗe baki ba. In na yi shiru, sunana yana nan, shagona yana nan. Maimakon in je wurin Dokta, sai na hau babur na nufi Pagala. Na sami Patoro a gona yana kafa wa doya sanda. Na kwashe komai na gaya masa, ina jira ya zage ni ko ya ce ƙaddara ce.

Ya ce, "Na'urar ka gyara?"

"Na gyara, Patoro."

"To me ka zo yi nan? Matar tana arewa, kai ka yi kudu." Ya juya ya ci gaba da aikinsa, ko ruwa bai ce a ba ni ba.

Dokta ya saurare ni bai katse ni ba. Na nuna masa a kan na'ura, da tsohon shirin, yadda saƙo ke ɓacewa alama tana kore. Da ya gama kallo ya ce, "Ranar akwai waya a aljihuna." Na tambaye shi ko Baba Seidu zai rayu da saƙon ya isa. Ya ce wataƙila, wataƙila kuma a'a, wannan sai Allah. "Amma matar," in ji shi, "wannan mu ne."

Gidanta yana bayan tasha, ƙofar kwano, ga ɗan tebur da sabulai a jere. Na tsaya na ce, "Gafara!" kamar yadda kowa ke yi a ƙofar mutane. Shiru. Na sake, "Gafara!" Sai a na ukun na ji abin da bakina ke roƙo. Ta fito tana goge hannu da zane. Ta rame. Ta tsaya ta dube ni daga sama har ƙasa.

Ta ce, "Wane gafara? Na ƙofa, ko ɗayan?"

Na ce, "Duka biyu, Madam." Na gaya mata a tsaye, tun daga shayin Isifu har zuwa "sauran duk shara". Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba.

"Na gaya maka sau biyu," in ji ta. "Ka ce rezo."

"Haka ne."

"Na ƙofa, na amsa, shigo ka sha ruwa. Ɗayan, ba a nan ka yi laifi ba. Ka koma ɗakin nan, ka tara mutanen nan. Bayan haka ka je wurin mahauta ranar kasuwa, lokacin da mutum ya cika. Kuma ka sa wallahi a ciki, kamar na farko."

Na yi. Dokta ya tsaya a gefena a ɗakin jira. Ranar kasuwa kuma na hau kan wani kututturen da ake sara ƙashi a kai, na faɗa da ƙarfi, da Hausa da Faransanci, na sa wallahi. Ɗan Baba Seidu yana tsaye da wuƙa a hannu yana fiɗa. Ya ajiye ta a hankali, ya wanke hannu, ya wuce ni, ya nufi bayan tasha. Sauran suka bi shi. Kantin magani da mutanen Cinkassé suka ji labari suka sallame ni, kuma ban ga laifinsu ba. Dokta da kansa ya kai mata farar rigar, sai da ya je sau uku kafin ta karɓa.

Ranar da ta koma aiki ina Sokodé, a gaban na'urar Dokta, wai ina duba ko sabon tsarin yana tafiya. Na jira har bayan azahar. Na rubuta mata layi ɗaya: "Madam, Muktari ne. Ɗayan gafarar fa?"

Alama ta yi ruwan ɗorawa. Na zauna ina kallonta. Kafin minti biyu ta yi kore. Ta danna "na gani".

Yau shekaru ke nan, furfura ta gama cin gemuna, amsa ba ta zo ba. Kuma wannan karon na tabbata ba na'ura ce ta jefar da ita ba.